Keken da Goggo Ta Tsayar a Ɗakina

Gidanmu na unguwar Jaradiya ɗaki biyu ne da falo, amma rabinsa ba namu ba ne, na mutanen da suka koma gida ne. Duk Bahaushen da aikinsa ya ƙare a Riyad, ko ya saɓa da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, aka buga masa fitar ƙarshe, sai ya tuna Abbana direba ne, yana da mota, kuma ba ya iya cewa a'a. Zai zo bayan La'asar da kwali ɗaure da igiya ya ce, "Alhaji, ga 'yar ajiya, kafin in sami wata bizar." Abba ya ce, "Allah ya kai mu." Daga ranar kwalin ya zama ɗan gida.

Cikin kayan mutane na tashi. A saman kabad ɗin Umma akwai tukunyar dafa shinkafa ta wani mai walda. Bayan ƙofar bayi akwai tsanin wani mai fenti. Ƙarƙashin gadona kuwa barguna ne masu zanen damisa, sababbi, a cikin ledarsu. Dokar Abba guda ce: ajiya ba a taɓa ta. Wata shekara sanyi ya yi tsanani, na riƙa kwana da rigar sanyi da safa a kan tarin bargunan da ba namu ba. Umma ta ce ya bari a ɗauki ɗaya, in sanyi ya wuce a wanke a mayar.

Ya ce, "Mai shi ya ce ki rufa?"

"Mai shi yana Gusau yana gumi, Alhaji."

"To in ya zo ya ce ina bargona, gumin za ki ba shi?"

Wuri ɗaya ne ya rage babu kaya a ɗakina, gefen taga. Abba ya yi min alkawarin tebur a wurin. Ya ce ya ga wani a haraj, kasuwar kayan hannu, mai aljihu biyu da fitila. Ina ajin farko na makarantar tsakiya a lokacin, a ƙasa nake yin aikin gida, in kifa ciki har gwiwar hannuna ta yi kanta. Kullum na dawo makaranta sai na dubi wurin nan na gefen taga, in ga teburin a raina.

Sai Goggo ta zo da kekenta.

Goggo ba 'yar'uwarmu ba ce, haka dai kowa yake kiranta. Tsohuwa ce 'yar Katsina da ta daɗe a unguwar Ud tana yi wa matan Hausawa ɗinki. Ita ke rage tsawon abaya, ita ke ɗinka atamfar salla, ita ta ɗinka min rigar makarantata ta farko. Da idonta ya yi rauni, aka kuma mayar da aikin ɗanta Dammam, sai ta ce gida za ta koma. Ana gobe za ta tafi Abba ya ɗauko ta da keken ɗinkinta a mota. Ba a sa shi a falo ba, don falo na baƙi maza ne. Ba a sa shi a ɗakin Umma ba, don babu wuri. Abba da wani maƙwabci suka shigo da shi ɗakina suna nishi, suka dire shi daidai gefen taga. Abba ya sauka ya gyara wa mota tsayuwa.

Mu huɗu muka rage: Goggo, Umma, ni, da Antin sama, matar wani mai sayar da wayoyi a kasuwar Batha da ke zaune a benen da ke kanmu. Umma tana kuka tun kafin a fara magana. Anti tana sauraron saƙon murya, waya manne a kunne. Ni ina zaune a bakin gado, babu wanda ya ce in fita, don mutane sukan manta ina wuri.

Goggo ta goge kan keken da gefen mayafinta. Baƙi ne, da zanen furanni masu ruwan zinare da suka koɗe a inda hannunta yake dafawa. Ta ɗora tafinta a kai ta ce wa Umma:

"Wannan ba ajiya ba ce, kada Alhaji ya ɗaure min shi da igiya. Na tsayar da shi saboda Allah, ladan ga iyayena. Ba sayarwa, ba kyauta, ba gado. Duk macen da ta zo da ɗinkinta kada a mayar da ita. Wadda ta taka ta ɗiga masa mai. Ke za ki kula da shi."

Sai ta nuna ni da haɓa. "In kin gaza, ga mai shirun nan. Idonta ya fi bakinta aiki."

Na sunkuyar da kai. Ban fahimci abin da aka yi min ba sai bayan mako guda.

Irin keken nan ne da kansa yake nutsewa cikin tebur, a rufe da murfi, ya zama shimfiɗaɗɗen katako. Abba ya dube shi ya ce, "Alhamdulillahi, Mamana, ga tebur Allah ya kawo." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce min haka. Shi bai taɓa zama a gaban abin ba. A tsakiyar murfin akwai tsaga, in biro ya bi ta kai sai takarda ta huje. Gwiwata tana karo da ƙarfen wili. Feda tana ƙarƙashin ƙafata, in na manta na dafa sai wili ya juya ya kama gefen siket ɗina. Kowane littafi nawa yana da tabon mai a bangonsa, har wata ƙawata ta tambaye ni ko a gareji muke kwana.

Duk wannan da sauƙi. Matan ne.

Labari ya zagaya cewa keken Goggo yana Jaradiya kuma ba a mayar da kowa. Suka fara zuwa daga Ud, daga Murabba, daga unguwannin da ban san sunansu ba, kowacce da ledarta da goyonta. Bayan La'asar suke zuwa, daidai lokacin da na ci abinci na buɗe littafi. Sallama ɗaya, sai in ji an turo ƙofar ɗakina.

"Ke kurma, kwashe takardun nan."

Anti ce. Ita ta fi kowa zuwa, tunda matakala kawai za ta sauko. Sai in kwashe littattafai in zuba a gado, ta ɗaga murfi, kan keken ya taso daga ramin nan kamar wanda aka tashe shi daga barci. Ta zauna a kujerata.

"Zura min zare, idonki sabo ne."

In zura.

"Ba wannan ba, baƙi na ce. Ke kam Larabci ya cinye miki kunne."

Ba ta ce baƙi ba. Ban taɓa gaya mata ba.

Da ɗinki kawai suke yi, da na jure. Amma wadda za ta rage hannun riga sai ta zo da mata biyu masu taya ta hira. Su zauna a gadona, a kan littafin lissafina. A yi zancen wadda iƙamarta, wato takardar zamanta, ta ƙare, da farashin yadi a Batha, da wadda ta je gida ta dawo ta yi haske ba a san dalili ba. Yaro ya ɗauki rulata ya tauna. Su ce in gaishe su da Hausa don su ji yadda nake faɗa, in na faɗa su tuntsire da dariya su ce, "Balarabiyar Jaradiya!" Bayan sun tafi in share ƙyallaye da guntayen zare, in tsinci allura a bargo da tafin ƙafata. Kuma ba mai ɗiga mai. Kowacce sai ta ce, "Wadda ta riga ni ta ɗiga." Ni nake ɗigawa, don in ya bushe kuka yake yi kamar kyanwar da aka taka, kuma a kaina yake yi.

Na taɓa yi wa Umma ƙorafi sau ɗaya, a kicin, ina wanke kofuna don kada in dube ta. Ta ce, "Kin ji abin da tsohuwar nan ta ce da kunnenki. In mayar da mace, gobe in gaya wa Allah me? Cewa 'yata tana lissafi?"

A shekara ta uku aka zo mana da babin waƙafi a darasin fiƙihu. Malama ta rubuta a allo cewa waƙafi shi ne a tsare asalin abu a saki amfaninsa. Ta ce iri-iri ne: akwai na alheri, wanda aka yi don jama'a, kamar masallaci ko na'urorin ruwan sanyi da ake kafawa a bakin titi; akwai na zuriya, wanda mutum ya tsayar don 'ya'yansa da jikokinsa; akwai wanda ya haɗa biyun. Ta ce sharaɗin da mai waƙafi ya gindaya dole a bi shi. Ta tambaya ko akwai wadda ta taɓa ganin waƙafi da idonta. Wata ta ce kakanta yana da gini. Wata ta ce Alƙur'anan masallaci. Ban ɗaga hannu ba. Me zan ce? Cewa ni a kan waƙafi nake yin aikin gida, kuma shi ya ɓata min bangon littafin da ke gabana?

Abu ɗaya na nema a babin da gaske: yadda waƙafi yake ƙarewa. Kwanakin baya bel ɗin keken ya tsinke ana tsakiyar ɗinki, na yi murna har na ji kunyar kaina, amma kafin Magariba mijin Anti ya kawo sabo daga Batha. Na sa rai wata rana abin zai lalace gaba ɗaya. A shafi na gaba na karanta cewa in waƙafi ya daina amfani, sayar da shi ake yi a sayi wani irinsa. Na rufe littafin. Ashe ko ya mutu wani za a kawo.

Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawar ƙarshen shekara, labari ya zo cewa Goggo ta rasu a Katsina. Matan suka taru a gidanmu, a ɗakina dai, kamar yadda aka saba. Ranar ba a ɗaga murfi ba. Ni ma na yi kuka, na tuna yadda take riƙe allurai a leɓe tana auna ni, tana ce min in daina numfashi kamar ɓarauniya.

Bayan an yi addu'a ɗanta ya kira Abba daga Dammam. Ya ce 'yan'uwansa mata a gida sun lissafa keken cikin kayan gado, ƙaramarsu kuma ta koyi ɗinki. Zai zo ranar Juma'a ya ɗauka ya kai wa masu kago a Batha, su aika da shi gida.

Abba ya ajiye waya ya ce, "To, mai ajiya ya zo. Mamana, in ya tafi ranar Juma'a, Asabar sai haraj."

Na shiga ɗaki na auna gefen taga da tef ɗin awon Goggo. Jarrabawa za ta fara ranar Lahadi. Na ga kaina a tebur mai fitila, ƙofa a rufe, ba kowa a gadona.

Umma ce ta ɓata lissafin. Ta ce keken ba zai fita ba.

"Kayan uwarsa ne," in ji Abba.

"Ba nata ba ne. Ta ba Allah."

"A gabana?"

"Kana ƙasa kana rigima da mai kantin bakala a kan wurin ajiye mota."

A wurin Abba duk abin da ya shigo gidan nan ajiya ne, kuma ajiya in mai ita ko magajinsa ya nema, miƙawa ake yi ko da tsakar dare ne. A wurin Umma kuwa miƙa keken nan cin amanar mamaciya ne. Kowannensu tsoron abu ɗaya yake ji, amma suka kwana biyu ba sa haɗa ido. Ƙarshe Abba ya ce a bari sai Ustaz ya zo. Ustaz ɗan Nijar ne, ɗalibin shari'a a jami'a, kusan kowace Juma'a a gidanmu yake cin tuwo don ya gaji da shinkafar makaranta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ɗan Goggo ya iso. Kawu muke ce masa. Na leƙa ta taga na ga yana sauke wani ƙaton kwali daga mota, irin mai kauri na masu kago, da naɗin salatif a hannu. Kwalin ya burge ni. Keken zai shiga har da saura.

Maza suka zauna a falo. Aka bar ƙofa a buɗe kaɗan, labule a sake. Ni da Umma muka tsaya a lungun da ke bayan labulen. Anti ta sauko ba a kira ta ba, ta ce ta zo aron gishiri, ta tsaya.

Abba ya yi bayani a taƙaice. Ustaz ya gyara murya, na san mun shiga uku. Bai fara da keke ba. Ya fara da wata rijiya a Madina da wani sahabi ya saya ya bar wa jama'a, ya koma kan gonar dabino da aka tsayar aka ce kada a sayar kada a gada. Ya ce su a can garinsu hubusi suke ce wa waƙafi. Ya bi ta makarantu da asibitoci da aka riƙe da waƙafi a zamanin da. Ya ce ya karanta cewa Turawa ma suna da irin wannan tsari: mutum zai tafi yaƙi mai nisa ya bar gonarsa da sunan abokinsa don iyalinsa su ci, in ya dawo abokin ya ce ai tawa ce, har alƙalansu suka fara tilasta wa mai riƙo ya riƙe don wanda aka ce. Wasu sun ce a wurin Musulmi suka gani, wasu sun musa.

"Ustaz," in ji Abba, "tuwo yana sanyi. Keke muke magana."

"Shi nake nufa, Alhaji. Abu uku ne. In ajiya ce, ba a amfani da ita, kuma yau ta koma hannun magada. In wasiyya ce, sai bayan rai take aiki, kuma ba ta wuce sulusi. In kuwa waƙafi ne da ta yi da lafiyarta, ta miƙa, to ya fita daga hannunta tun ranar, babu abin da za a gada."

"In ajiya ce," Abba ya maimaita a hankali, "shekara uku ana taka ta a gidana?"

"To da sai ka nemi yafiya."

Na ji Abba ya yi salati.

Kawu ya yi magana a karon farko. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ta mai rigima ba. Ya ce, "Ni ba na ƙaryata Hajiya. Amma 'yan'uwana za su tambaye ni me tsohuwa ta ce. Ba zan ce musu an ce ta ce ba. Hajiya, me ta ce?"

Umma ta buɗe baki sai kuka ya zo. Ta ce ita dai ta san ta ce saboda Allah, ta ce kada a mayar da kowa, sauran ya ɓace mata.

Anti ta matso. "Ni na ji komai. Ta ce na bar wa matan gidan nan, musamman na sama, don su suka fi kusa. Ta ce kowa ya kawo zarensa. Ta ce kuma in ya tsufa a ba wadda ta fi amfani da shi."

Kawu ya ce, "Tsohuwa ba ta magana haka."

Sai na ji Abba ya ce, "Mamana tana ɗakin ranar. Ita ba abin da ke wuce ta."

Ban taɓa yin magana maza baƙi suna ji ba. Kuma ga hanya a buɗe: in ce ban tuna ba. Wa zai zarge ni? Ni ce kurma. Kawu ya ɗauki kekensa, Asabar mu je haraj, Lahadi in shiga jarrabawa da kai a natse. Ta tsagar labule ina hango gefen kwalin nan jingine da bango.

Abin haushin shi ne na tuna komai. Maganar tana nan a kaina kamar bargunan ƙarƙashin gado, a ledarta, ba a taɓa ba, ga kuma mai ita ya zo.

"'Yata," in ji Kawu, "ban samu ganinta ba a ƙarshe. Faɗa min kamar yadda ta faɗa."

Na dubi ƙafata. Na faɗa, da Hausata da suke yi wa dariya. Da na zo wurin "kada Alhaji ya ɗaure min shi da igiya" sai Ustaz ya ƙyalƙyale, Abba ya ce, "Ni?" Kawu bai yi dariya ba. Na ji ya ja hanci ya ce, "Wannan bakinta ne. Ci gaba." Na ci gaba har "Ke za ki kula da shi," na tsaya a nan.

Ustaz ya tambaya ko da lafiyarta ta faɗa. Umma ta ce da ƙafarta Goggo ta hau matakala. Ya tambaya ko ta taɓa neman a mayar mata. Kawu da kansa ya ce ko a waya ba ta taɓa ba. Ustaz ya ce to waƙafi ne na alheri, ya tabbata. Kawu ya ce ya ji, zai gaya wa 'yan'uwansa, ƙaramar kuma shi zai san yadda zai yi da ita.

Tebur ya tafi ke nan. Na juya zan koma ɗaki, sai Ustaz ya ƙara tambaya.

"Saura abu ɗaya. Mu nan duk baƙi ne, yau muna nan gobe an buga mana fita. In Hajiya ta gaza ko ta tafi, wa ta ce ya kula?"

Umma ta ce ba ta tuna ba. Na fara jin sauƙi.

"Ba ki gama ba, kurma," in ji Anti. Matar da ba ta riƙe ko jimla ɗaya daidai ba, wannan ce kaɗai ta zauna mata. Ta ɗaga murya don falo ya ji. "Ta ce ga mai shirun nan, idonta ya fi bakinta aiki. Da haɓa ta nuna ta. Ƙarya na yi?"

"Mamana, haka ne?"

"Haka ne, Abba."

"Ma sha Allah," in ji Ustaz. "To waƙafi ya sami mai kula biyu."

Da ina da bakin Anti, da na tambaye shi abin ma sha Allah a nan.

Bayan sun ci tuwo Kawu ya nemi ya ga keken. Muka koma kicin, Abba ya shiga da shi. Na ji an ɗaga murfi, na ji feda ta yi ƙara sau biyu ko uku. Da suka fito Kawu ya yi wa Umma godiya ta bayan labule, ya ce ya ga ana ɗiga masa mai. Anti ta ce, "Ai ba ma wasa da wannan." Na ciji leɓe.

Suna bakin ƙofa ana sallama, sai na ji maganar da na fi tsana a duniya.

"Alhaji, kwalin nan ba zan koma da shi Dammam ba. Bari in bar shi nan, 'yar ajiya, kafin in sake zuwa."

"Allah ya kai mu," in ji Abba.

Na san inda za a kai shi. Ɗakina, tsakanin gado da keke, babu mai taɓawa har abada. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kawu."

Kowa ya tsaya. Umma ta juyo ta dube ni kamar tukunya ce ta yi magana.

"Kwalin nan ajiya ne ko kyauta?"

"Me za ki yi da kwali, 'yata?"

"Jarrabawa gare ni jibi. In ajiya ne Abba ba zai bari in ɗora ko biro a kai ba."

Ustaz ya yi dariya har da tari. Kawu ya ce, "Kyauta ne, na ba ki."

"Ka faɗa Ustaz ya ji."

"Ustaz, ka shaida. Na ba ta, har salatif ɗin."

"Sai ta karɓa da hannunta kyauta take cika," in ji Ustaz.

Na miƙa hannu ta gefen labule na jawo shi.

A lungun da ke tsakanin kicin da bayi na kifa shi, ƙarƙashin tsanin mai fenti. Na ƙarfafa kusurwoyinsa da salatif, na shimfiɗa tsohon ɗankwalin Umma a kai. Tsayinsa ya yi daidai in na zauna a kan matashi. Ba tsaga a tsakiya, ba wili, ba warin mai. Duk mai shiga bayi sai na janye ƙafa, amma babu mai cewa in kwashe takardu.

Ranar Asabar bayan La'asar na zauna da littafin lissafi, na toshe kunne da auduga. Mata uku suka wuce ta gabana da ledodinsu suka shiga ɗakina. Keke ya fara ƙara. Na yi tambaya ɗaya, na fara ta biyu.

"Mai kula!" Muryar Anti ta ratsa audugar. "Man keke ya ƙare, kuma zo ki zura min zare."

Bai ƙare ba. Yana aljihun hagu, bayan almakashi, inda yake tun ranar da Goggo ta ajiye shi. Na sa biro a tsakiyar littafi don kada shafin ya ɓace, na tashi.